Asuwakin Mama

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Mama, sai muka ɗauko ta daga ƙauye ta dawo wurina a unguwar Romi. Hannun dama ya daina aiki, baki ya ɗan karkace, amma magana tana fita idan mutum ya yi haƙuri ya saurara.

Mama ta haura saba'in, ko haƙori ɗaya bai faɗi ba. Muna yara, ba mai shan koko sai ya buɗe mata baki ta duba. Ita kuwa da asuwaki a baki take shara, da shi take ɗora tukunya.

Sati biyu da zuwanta, matan zumunta na cocinmu suka zo gaishe ta. Har suka yi addu'a suka tafi, bakinta na rufe da bakin zaninta. Na ɗauka karkacewar take jin kunya.

"Mama, ai kowa ya san ciwo ne," na ce.

Ta kau da kai. "Bakina ke wari. Ina ji."

Ina yi mata wanka, ina ba ta magani a kan lokaci, amma na ajiye mata buroshi da man goge baki a taga kamar mai hannu biyu.

Washegari na gwada goge mata da buroshin. Kumfa ta shaƙe ta, ta kasa tofarwa, ta yi ta tari har da hawaye. Ta ture hannuna.

Da na tashi daga aiki na sauka a unguwar Nasarawa, wurin wani dattijo mai sayar da asuwaki a faranti. Na faɗa masa halin da ake ciki. Ya zaɓo mini sirara, ya ce, "'Yata, kada ki bar ta ta tauna. Ki jiƙa a ruwan ɗumi, ki daddaka kan har ya yi laushi."

Haka na yi. Na zaunar da ita a ƙofar ɗaki, tawul a ƙirji, roba a cinya, na tallafi haɓarta.

"Buɗe, Mama."

Ta buɗe, amma ba ta bar ni da iyawata ba. "Can ciki. A hankali mana, ba tukunya kike kankarewa ba."

Muka yi kusan wata huɗu a haka, kowace safiya. Tsakanin kurkura da kurkura take ba ni labaran da ban taɓa ji ba, har da yadda Baba ya fara tare ta a hanyar rafi, ya rasa abin faɗa, ya tambaye ta ko ta ga akuyarsa.

Wata safiya na fito da kofin ruwan ɗumi, na tarar ta riga ni. Asuwaki a hannun hagu, yana kuɓucewa tana sake kamawa, gaban rigarta duk ya jiƙe. Na miƙa hannu zan karɓa.

"Ajiye ruwan ki tafi," ta ce. "Za ki makara."

Na ajiye. Sai da na kai bakin get na tsaya na share idona, sannan na fita na tari keke.