Koren Kan Jirgi da Ƙarfen Hanya

Ranar da ɗana ya shigo da akwatin nan, na ɗauka maganina ne aka aiko, saboda yadda ya rungumo shi. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa. A masallaci Dakta suke ce masa, yana koyarwa a jami'ar da ke gabashin Greensboro, nan ƙasar Turawa, kuma a gidansa nake zaune. Ya ajiye akwatin a teburin cin abinci, ya yi ta warware takardu, sai ga kan jirgin ƙasa na wasa, da kaɗan ya fi tafin hannuna tsawo.

Na ce, "Furfura ta fito maka a gemu, yanzu ne za ka fara wasan yara?"

"Mama, ki dai duba shi da kyau."

Na duba. Fentinsa ja ne, na wata ƙasa daban. Amma goshin nan, da tagogin gaba biyu, da 'yar matakalar da ake takawa a hau, duk na san su. Irin kan jirgin da mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya yi ta ja ne daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Ni nake kai masa abinci tasha a langa, ina miƙa masa ta wannan matakalar.

Ya gaya mini kamfanin da ke ƙera waɗannan ƙananan ya daina yin irin wannan tun da daɗewa. Shekara uku yana nema a intanet kafin ya samu wannan, kuma idan ya fashe, ko tayarsa guda ba za a samu ba. Ya ce zai mayar da shi kore, irin na babansa.

Wata biyu yana fama da shi a gareji. Da ya kawo mini, na ce layin ruwan ɗorawan da ya zana a jikin jirgin ya yi ƙasa. Ya ce daga hoto ya duba. Na ce hoton ba shi ya auri direban ba. Ya kankare ya sake. Da ya sake kawowa, na dube shi na gyaɗa kai.

To, a gida ba shi da layin dogon da zai ɗora shi, sai wani ɗan da'ira kamar faifai. Wata Asabar da hantsi ya ce in shirya, za mu Pleasant Garden, gidan wani tsohon Bature da ya gina layin dogo a rumfar bayan gidansa, inda masu irin wannan sha'awa suke taruwa. Na ce zan je, don in ga waɗanda suka lalata shi.

Rumfar ta fi masallacinmu girma. Tebur ne ya zagaye ta, a kansa garuruwa da itatuwa da shanu ƙanana kamar ƙwayar wake. A can ƙarshe sun gina wani dutse, jirgi yana shiga cikinsa ta rami, ya fito ya hau wata siririyar gada da ba ta da shinge. A ƙarƙashin gadar babu komai sai siminti, zurfin ya kai ƙuguna. Tsofaffi huɗu ne, kowa da rimot a hannu. Maigidan ya ba ni kujera da shayi mai ƙanƙara. Na karɓi kujerar.

Ni zama na yi ina kallo, su kuma suna surutu. Abin da na gani shi ne, ko'ina layi biyu ne, amma ramin da gadar layi ɗaya ne tak, ana shigarsa ta nan, ana shigarsa ta can. Wanda zai shiga yakan ɗaga murya ya sanar, ya dubi wata 'yar fitila, shi ke nan. Fitilar kuwa na lura ba ta komawa ja sai jirgi ya yi nisa a ciki. Kuma ɗaya daga cikinsu, wani ƙato mai jan dogon jerin taragun kwal, kunnensa ya yi nauyi. Sau biyu aka yi masa magana yana murmushi kawai.

Aka ɗora koren namu, aka haɗa masa taragu. Tsofaffin suka taru suna yaba shi. Ya tashi a hankali, ya wuce gari, ya wuce shanu, ya zo ya tsaya a bakin ramin. Ɗana ya sanar da ƙarfi cewa zai shiga. Sai na riƙe masa wuyan hannu.

"Mama, fitila kore ce."

"Na gani. Tsaya."

"Mama, mutane suna kallonmu fa."

"Su kalla. Ina jirgin kwal ɗin?"

Ya waiga ya neme shi a teburin, bai gan shi ba. Ƙaton yana can yana zuba wa kansa shayi, rimot ɗinsa a hammata. Kafin ɗana ya buɗe baki, sai ga hancin baƙin jirgin ya ɓullo daga ramin, yana jan taragunsa, ya bi ta layin gefe ya gifta namu, tsakaninsu bai fi yatsa ba. A lokacin ne fitilar ta ga damar komawa ja. Da mun shiga, da a tsakiyar gadar za su haɗu.

Maigidan ya cire hularsa ya sake sawa.

Na ce wa ɗana, "Fassara musu, kuma kada ka rage komai." Na gaya musu yadda ake yi a wurinmu. Layin Ƙaura ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Tsakanin kowace tasha da ta gaba akwai wani ƙarfe, ni dai ƙarfen hanya nake ce masa. Shugaban tasha zai sa shi a jakar fata mai babban zobe, ya miƙa wa direba. In babu shi a hannunka, ba ka motsawa, ko da uwarka ce ke jira a gaba. Na gaya musu ranar da mijina ya zauna a Funtuwa tun daga azahar har la'asar, fasinjoji suna zaginsa, masu goro suna cewa kayansu zai bushe, shi kuwa ya ce sai an kawo ƙarfe.

Maigidan ya ce ya karanta labarin wannan tsari a littafi, amma bai taɓa haɗuwa da wanda ya gani da ido ba. Ya tambaya ko makarantar reluwe na yi. Na ce a gaya masa ban taɓa shiga kowane aji ba, tsayuwa na yi a tasha da abinci a kai ina jiran miji.

Na tashi na je teburin kayan aikinsa, na ɗauko wani sukuddireba mai jan mariƙi. Na ja kujerata zuwa bakin ramin na zauna. Na ce daga yanzu wanda wannan yake hannunsa shi kaɗai zai shiga, in ya fita ya dawo mini da shi. Ƙaton ya yi dariya ya ce wani abu.

Ɗana ya ce, "Wai ko a soja bai ga irinki ba."

"Ka ce masa da ya gani da kunnensa ya buɗe."

Ban san ko ya fassara wannan ba, amma duk suka yi dariya har shi.

Na miƙa wa ɗana sukuddireban. Ya karɓa da hannu biyu, ya danna rimot. Koren ya shige duhun ramin. Ƙaton ya kewayo da jirginsa, ya zo ya tsaya a gabana yana miƙo hannu, na girgiza masa kai na nuna masa hannun ɗana. Ya tsaya yana jira kamar kowa.

Sai ga fitilar goshin koren ta fito ta wancan ɓangaren. Ya hau gadar, taragu biyar a bayansa, layin ruwan ɗorawan nan daidai inda ya kamata, yana tafiya a natse kamar mijina ne a ciki. Ya sauka lafiya. Tsofaffin suka tafa, ɗana ya juya baya yana gyara tabarau.

Sau bakwai ya haye gadar a ranar, kowane karo da izinina. Da muka tashi tafiya, ni na naɗe shi a takardunsa, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Maigidan ya rako mu har mota, ya tambaya ko zan dawo wata mai zuwa. Na ce zan dawo, amma a nemo mini kujera mai jingina.