Kunnen Valdomiro Kretzer

A kulob ɗin harbi da ke bayan garinmu, nan yammacin jihar Santa Catarina, babu mai kiran Valdomiro Kretzer da cikakken suna. Seu Valdo ake ce masa, kamar a ce Malam Valdo. Makanikin ƙarfe ne, ya yi rayuwarsa a gaban injin sassaƙa, kuma yana cikin waɗanda suka share filin da hannunsu tun yana gonar masara. Na daɗe ina rubuta labarin wasanni a jaridar gari, sunansa ya sha fitowa a shafina, yawanci ya zo na biyu ko na uku a gasa.

Wasan nasu na ƙaramar bindiga ne. Mutum ya tsaya, bindiga a kube, alƙalin fili yana bayansa da ɗan agogo mai ƙara. Da agogon ya yi kuka sai ya zaro, ya ruga tsakanin shingaye yana harbin allunan kwali da farantan ƙarfe. Ana duba sauri, ana duba saiti.

Lokacin da Valdo ya fara, babu wanda ya damu da abin rufe kunne. Kwanson harsashi suke tsinta a ƙasa su cusa a kunnuwa, wasu kuma guntun taba. Mai sa auduga dariya ake yi masa. Sai da shekaru suka ja aka tilasta wa kowa sa marufi na gaske, a lokacin kuwa ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Matarsa Neusa ce ta fara ganewa. Na taɓa zama da su a baranda muna zagaya ƙwaryar mate, shayin ganyen da muke sha a nan, ta ce masa abinci ya nuna, ya ce mata ai ya riga ya biya kuɗin wuta.

"Ka gani ko?" ta ce da ni. "Da bango nake aure. Bangon ma ya fi shi, shi ba ya ba ni amsar abin da ban tambaya ba."

"Me ta ce?"

"Cewa na yi kana da kyau, tsoho."

"To, wannan na ji," in ji shi.

Kukan agogo ne ya fara ɓace masa. Alƙalai suka koma dafa masa kafaɗa in lokaci ya yi, aka ci gaba a haka. Jikinsa bai gaza ba. Kullum da safe yana atisaye a gareji da bindiga ba harsashi: zarowa, saiti, canza gidan harsashi, har hannu ya riƙa yi ba sai ya yi tunani ba.

Harsashinsa shi yake cika abinsa, kamar yawancin 'yan wasan, don na kanti ya fi ƙarfin aljihun makaniki. Yakan wanke tsofaffin kwansuna, ya jera su a injin da ya kafa kan teburin gareji. Kowane jan hannu, injin ya sa ɗan ƙyastun da ke kunna albarushi a gindin kwanso, ya zuba albarushi, ya danna dalma a baki. A kan mazubin albarushin akwai 'yar na'ura mai tsuwa in ya kusa ƙarewa. Neusa ta ce wata Asabar ta dawo kasuwa ta ji tsuwar tun daga ƙofa, ta tarar da shi yana ta jan hannun inji yana fito, albarushi ya ƙare bai sani ba. Ya zazzage abin da ya cika ya warware su. Ɗaya ya tsere masa.

A gasar ƙarshen wata harsashin ya fito. Ina wurin. Alƙalin ranar Ademir Fontana ne, wanda Valdo ya koya wa riƙon bindiga. Valdo ya gama allo biyu, ya juya kan na uku, sai muka ji wata 'yar ƙara kamar an buɗe kwalbar lemo. Duk ɗan wasa ya san wannan ƙarar: ƙyastu ne ya tashi ba albarushi, ya tura dalma ta maƙale a tsakiyar bututun bindiga. In aka harba wani a kanta, bindigar na iya tarwatsewa a hannu.

A hannu, wannan da harsashin da ya ƙi tashi duk ɗaya suke. Kunne ne kaɗai ke raba su. Valdo ya yi abin da ya yi shekaru yana koya wa hannunsa: ya ja saman bindigar, sabon harsashi ya hau, ya ɗaga. Ademir ya ce masa ya tsaya. Mu ma muka ce. Sai da Ademir ya cafke masa hannu ya danne hannun ƙasa.

Valdo ya juyo a fusace. "Kai, yaushe ka fara taɓa mutum yana harbi?"

Ademir ya karɓi bindigar. Ya sa aka kwashe harsasan, ya zura siririn ƙarfe a bututun, dalmar ta faɗo kan tebur. Valdo ya daɗe yana kallonta. Ranar bai tsaya cin gasasshen naman da ake yi bayan gasa ba.

Ya je wurin likita a babban gari. Likitan ya ce jijiyar ta mutu, na'urar ji za ta ɗan taimaka masa da hira a ɗaki, amma ba a fili ba, ba ƙarƙashin marufi ba. Kwamitin kulob ya zauna ya yanke cewa wanda ba ya jin umarnin tsayawa ba zai ƙara harbi a gasa ba. Aka rasa mai faɗa masa, aka ɗora wa Ademir.

Lahadin da ta biyo, Valdo ya zo da jakarsa da ɗamararsa kamar kullum. Ademir ya tare shi a bakin fili, ya tsaya dab da fuskarsa yana magana a hankali don ya ga leɓensa.

"Seu Valdo, ba ni kaɗai na yanke ba."

"Na sani. Kai ko launin rigarka ba ka iya yankewa sai matarka ta zaɓa." Wasu suka yi dariya. "Ku gwada ni. Zan juya baya, marufi a kunne. Ka ce in tsaya, da irin muryar da kake wa 'ya'yanka tsawa. In na ji, zan ɗaga hannu, ku bar ni in yi wasana. In ban ji ba, ba sai kun kore ni ba."

Ademir ya dubi shugaban kulob, shugaban ya gyaɗa kai.

Valdo ya sa marufi, ya fuskanci allunan, hannuwa a gefe, ƙafafu a ware. Ademir ya tsaya inda alƙali ke tsayawa, taku ɗaya a bayansa, ya ba da umarnin tsayawa da ƙarfi. Mutanen da ke can wajen ajiye motoci suka waigo. Ya matsa, ya sake faɗa har muryarsa ta fashe.

Hannun Valdo bai motsa ba. Can ya ɗan karkata kai, bai juyo ba, ya ce, "Ademir, ina jiranka. Ka faɗa mana."

Ademir ya tsaya yana kallon ƙeyarsa. Daga baya ya miƙa hannu ya cire masa marufin.