Cutar da Ta Cinye Garkar Baba

Mahaifina yana da garkar lemun tsami a bayan ƙauyenmu, kusa da Gagarawa. Shi ya haƙa mata rijiya, kuma tun ina ƙarami da guga yake ba bishiyoyin ruwa. In sun yi 'ya'ya, ranar Alhamis yakan kai buhu biyu ko uku kasuwar Maigatari.

Wata damina ganyen ya fara tabo, 'ya'yan suka yi ƙuraje kamar ƙazuwa, suna zuba tun ba su ƙosa ba. Ya yi feshi, ya sare rassa, abin sai gaba yake yi. Daga nan ya ɗora laifin kan maƙwabcinsa na garka, amininsa tun ƙuruciya, wai daga bishiyoyinsa cutar ta tsallako. Suka yi sa-in-sa, har gaisuwa ta yanke.

Ƙanwata tana nazarin ƙwayoyin cuta a jami'a. Da ta zo hutu ta tsinki ganye daga garkunan biyu. Ta ce a ɗakin gwaji za su ware ƙwayar, su karanta tsarin halittarta daki-daki kamar rubutu, ta haka ake gane danginta da inda ta fito. Baba bai ɗauki maganar da muhimmanci ba.

Aikin ya ɗauki watanni. Kafin a gama, maƙwabcin ya kwanta ciwo, Allah ya yi masa rasuwa. Baba ya je jana'iza, amma bai je dubiya ba.

Ina ofis a Gumel ƙanwar tawa ta kira ni. Ta ce ƙwayar ba ta yankinmu ba ce, danginta suna can kudu, kuma ga alama daga garkarmu ta shiga ta maƙwabci.

"Yaya, an taɓa kawo dashe daga wani wuri?"

Ni na kawo. Guda biyar na saya a bakin titi ina dawowa daga wata tafiya da na yi kudu, na ba Baba tsaraba.

Ranar Juma'a na je gida na faɗa masa.

"Kai ba ka sani ba," in ji shi. "Ni kuwa ban bincika ba na yanke wa mutum hukunci."

Washegari ya je gidan mamacin, ya zauna a zaure ya roƙi 'ya'yansa gafara. Suka ce sun yafe. Da rani ya sa aka sare bishiyoyin garkarsa duka aka ƙona. Yanzu riɗi ake shukawa a wurin, ɗan wan Baba ne ke nomawa. Baba bai ƙara zuwa ba.