Haladu Mai Hura Tona

Fuuu! Duk wanda ya taɓa kai takarda shagon Haladu a Kazaure ya san wannan ƙarar. Zai zaro gidan tona daga cikin injin fotokwafi, wato inda ake zuba baƙar hodar nan da injin ke rubutu da ita, ya kai bakinsa kamar mai hura wuta, ya cika kumatu ya busa. Sai ka ga baƙin hayaƙi ya tashi ya lulluɓe masa fuska. In ya lafa, ga Haladu da gashin baki mai sheƙi yana tambayarka, "Kwafi nawa?" Shekara da shekaru haka yake yi, a ɗan shagon da taga ɗaya gare shi, ita ma ya toshe ta da kwali wai kada iska ta kwashe masa kaya.

Ni taubashinsa ne, ɗan ƙanen mahaifiyarsa, don haka ina da lasisin zolayarsa. Direban babbar mota nake, shi ya sa bai taɓa kirana Sabo ba, sai Ɗan Yawo.

Kun san tsumulmularsa. Tonar da ta zube a tebur, gashin kaza yake sa wa ya tattara ta ya mayar cikin gwangwani. Wata rana wani bawan Allah ya taho tun daga Gwiwa da sakamakon jarrabawarsa, zai nemi aiki. Kwafin ya fito fari fat, da ƙyar ake ganin sunansa. Mutumin ya ce, "Malam, ai ba a ganin komai!" Haladu ya ɗaga takardar sama, ya ƙura mata ido, ya ce, "Ɗan'uwa, injina abin da ya gani yake faɗa. Sakamakon ne ba shi da ƙarfi." Wallahi har mai takardar sai da ya yi dariya.

Maganinsa kuwa nono. Da ya gama hurawa sai ya aika a kira masa mai nono, ya shanye ƙwarya guda, ya goge baki ya ce, "Fari ya wanke baƙi." In ka ce masa majinarsa baƙa ce, sai ya ce ai alama ce wankin yana fita.

Na taɓa kai kaya wani gidan buga takardu a Legas, na ga masu irin aikinsa hanci da baki a rufe, kuma da wani ɗan inji suke zuƙe hodar, ba mai hurawa. Abin ya tsaya mini a rai har na dawo gida. Na sayo masa abin rufe hancin, mai kyau, mai roba biyu. Na ce, "Yaya Haladu, ga tsaraba." Ya jujjuya shi. "Mene ne sunansa?" Na ce takunkumi. Kai! Da na sani da na ƙirƙiro wani sunan. Ya ce, "Takunkumi? Wanda ake ɗaura wa san noma kada ya ci dawar mutane? Ɗan Yawo, gonar wa na shiga?" Bayan mako biyu na leƙo, ya ce in kwantar da hankalina, yana amfani da shi kullum. Ashe bakin kofin nononsa yake rufewa da shi saboda ƙuda.

Muka yi ta dariya, ni ma har da ni. Abin da ke damuna ke nan yanzu. Da na yi masa fushi na gaske ko sau ɗaya ne, ban sani ba.

Tari ya fara, ya ce sanyi ne. Daga nan a ɗan hawan da ke hanyar masallaci sai ya tsaya sau biyu yana duba takalminsa, wai tsakuwa ta shiga. Da ƙafafunsa suka kumbura har takalmin ya ƙi shiga, na sa shi a mota sai asibiti a Kano.

Likitar mace ce, mai haƙuri. Ta ce zuciyarsa ta gaji, ƙodarsa ma ta taɓu, ta tambayi sana'arsa. Da na kwaikwayi hurawar, sai ta ajiye biro. Haladu ya ce, "Likita, da hanci nake shaƙa, ƙafa ce ta kumbura. Ina hanci ina ƙafa?" Ta ce ba za ta rantse hodar ce kaɗai ta jawo ba, amma a cikin irin wannan hoda da hayaƙin injin akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani, ƙanana ƙwarai. Ba duka suke tsayawa a huhu ba, wasu kan ratsa su shiga jini, jini kuwa babu inda ba ya zuwa. Ya juyo ya dube ni ya ce, "To ga wadda ta fi ka yawo." Sannan ya kawo mata zancen nono. Ta ce nono ciki yake tafiya, hodar kuma huhu, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Ya ce, "Ashe duk shekarun nan gidan maƙwabci nake aika saƙon."

Kwana biyu kafin ya cika, da hantsi, ya ce in matso. Akwai wani Malam Ado a Roni, sana'arsu ɗaya, sun shekara goma suna kushe aikin juna. Ya ce, "In ka bi ta Roni, ka ce wa Ado ya daina hurawa. Ya buɗe tagarsa." Na ce to. Ya riƙo rigata. "Kada ka ce ni na ce. Sai ya zaci na yarda ka fi ni gaskiya."

Na je Ronin bayan sadakar bakwai. Kuma na faɗa wa Ado wanda ya aiko ni, Yaya, ka yafe mini. Da na ce ni ne, ba zai ji ba. Ya tashi daga kan benci ya ɓalle kwalin da shi ma ya toshe tagarsa da shi.

Har yau in na sauko gari daga tafiya, sai in ji bakina cike da labari, in rasa wanda zai ce ƙarya nake. Allah Ya jiƙan Haladu, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara gare shi, Ya yalwata masa kabarinsa da iska mai daɗi. Mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.