Gado na Goma Sha Uku

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa ɗakin jinyar maza, jaka a hammata, tabarau a ƙarshen hanci. Shekara talatin da ɗaya ke nan Babbar Sista tana wannan sammako, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Gadaje goma sha biyu ne a ɗakin. Ita kuwa, tun bayan annoba, goma sha uku take zagayawa.

In ana miƙa aiki da safe, sai a bi gado-gado: wane ya sha magani, wane zazzaɓinsa ya sauka. Da an gama na sha biyu, sai ta rufe fayil ta leƙo nas ɗin da zai tashi ta saman tabarau. "To, gado na sha uku fa? Ya yi barci? Me ke cin ransa?" Gadon nan ba kowa ba ne illa ma'aikacin da kansa.

Da farko dariya aka yi mata, ita kuwa ko a jikinta. Annoba ta wuce, an cire takunkumi, amma tana kallon ma'aikatanta suna wanke hannu har fata ta tsage, wasu suna fushi ba gaira ba dalili.

Wanda ya fi ba ta wuya shi ne Dogo, nas ɗin da ya riƙe ɗakin killace masu cutar wata bakwai. Da ya ji hucin tukunyar oksijin sai ya rikice, ko jijiyar majinyaci ya kasa samu. Kullum amsarsa, "Lafiya lau, Sista." Wata safiya ta hango takarda a aljihunsa.

"Ta barin aiki ce?"

"Ba ni da sauran amfani, Sista. Gara in je in taya yayana zaman shago."

"Da wannan fuskar taka? Ai masu saye gudu za su yi. Zauna, ɗana. A ɗakina majinyaci ba ya sallamar kansa."

Ya zauna, ya yi kukan da ya daɗe yana haɗiyewa. Da ƙafarta ta raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ta zauna a benci tana gadi don kada kunya ta mayar da shi gida. Ta sauya masa aiki zuwa wankin ciwo wata uku. Yau wurinsa ake tura ɗalibai su koyi neman jijiya.

Ke ce uwar ɗaki, Sista. Ke ce kika koya mana cewa gajiyar zuciya ciwo ce, kuma tana jin magani.

Makon jiya, da za ta tashi da rana, Dogo ya karɓi aiki daga hannunta. Ya rufe fayil ya ce, "Gado na sha uku fa?"

Ashe duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayarta. Ta cire tabarau, ta daɗe tana gogewa.

"Ba na barcin kirki tun da annobar ta ɗauke maigidana. Ina nan ina jinyar mazan wasu ya cika."

Dogo ya jawo mata kujera. "Zauna, Mama."

Ta zauna.

Mun gode, Sista, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma masu riƙe da ɗakunan jinya, gobe in kun gama zagayen gadaje, ku ƙara ɗaya. Ku fara da wanda ya fi kowa saurin cewa lafiya lau.