Saje Mika Ya Je Roƙon Golmo

Saje Mika ya tsufa a aikin soja, ya dawo Zuru yana ɗingishi, ya kafa rumfar faci a bakin hanyar Mahuta. Kirista ne kamar mahaifinsa. Ƙaninsa kuwa ya musulunta tun yana saurayi, kuma babu wanda ya ɗauki abin da zafi, saboda gidaje da yawa haka suke a garin. Da ƙanin ya rasu, Mika ne ya riƙe ɗansa Zakiyyu. Shi ke tashinsa sahur da azumi, shi ke kai masa ɗinkin Sallah wurin tela.

Zakiyyu ya tashi yana noman gonar gado a wajen Danko, har 'yan bindiga suka hana kowa leƙa wurin. Ya koma kabu-kabu, yana kai fasinja Wasagu. Wata rana aka tare shi a hanya aka ƙwace babur ɗin. Ya kai ƙara, ya yi ta zarya, babu abin da ya biyo baya. Daga nan sai zaman bakin kasuwa.

A can wasu baƙi suka same shi. Ranar kasuwa suke zuwa, maganarsu a hankali, suna saya wa samari shayi. Suna cewa kowa ya manta da talaka, su kaɗai ne za su ba shi babur da makami da addini na gaskiya. Ba a daɗe ba Zakiyyu ya daina amsa gaisuwar Solomon da Godswill, abokansa tun na ƙuruciya. Wai zama da su haramun ne.

Abin ya hana Mika sukuni. Ya yi yaƙi a arewa maso gabas, ya ga samarin da aka kamo daga daji, kuma ya lura kusan kowannensu sai da ya rabu da tsofaffin abokansa kafin ya bi sababbi. Yakan riƙe taya a hannu ya manta inda hujin yake. In ya kai rahoto, ya san yadda ake yi da yaron da aka zarga. In ya ja shi da gardamar addini, yaron zai ce ina ruwan Kirista.

Wata safiya Maimuna, uwar Zakiyyu, ta zo rumfar ta durƙusa.

"Yaya, ya wanke kayansa ya ɗaure. Na ji yana waya, ranar kasuwa mai zuwa zai bi su."

Mika ya rufe rumfa, ya nufi gidan Malam Muntaka, mahaifin Hafsat, yarinyar da Zakiyyu ke so ya kuma kasa fitowa nema saboda ba shi da abin yi.

"Saje, lafiya? Ko tayata ce ta biyo ka?"

"Roƙo na zo yi, Malam. Ka sa wa Zakiyyu golmo."

Muntaka ya yi dariya har da tari. Golmo al'adar Dakarkari ce: saurayi ya tara sa'o'insa su yi ta noma gonar surukinsa, damina bayan damina, kafin a ba shi mata.

"Kai, Saje! Wa ke golmo yanzu? Mu da muka bar abubuwan dauri?"

"Noma ne, ba tsafi ba. Ka tambayi liman."

"To, mi ya sa kake son in wahalar da ɗanka?"

"Don mutum ɗaya ba ya golmo. Dole ya je ƙofar abokansa ya roƙe su. Ka sa shi ranar kasuwa."

Dariyar Muntaka ta ɗauke. Shi ma ya ji labarin masu shayin. Ya ce, "In ya zo, ɗiyata tasa ce, ita ma shi take so. In bai zo ba fa?"

Mika ya miƙe ya yi masa sallama.

Muntaka ya kira Zakiyyu ya faɗa masa. Yaron bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mika ya yi ta kasa kunne ko zai ji an ce ya je gidan Solomon, bai ji komai ba, kuma bai yarda ya tambaya ba.

Ranar kasuwa da hantsi Mika da Muntaka suna tsaye a bakin gona, babu mai kallon ɗan'uwansa. Duk babur ɗin da ya wuce a titi sai Mika ya waiwaya. Rana ta fara zafi.

Sai ga mutum uku tafe, garma a kafaɗa. Zakiyyu da Godswill suna baya, Solomon ne a gaba, yana ɗaga murya.

"Ango ragon banza! Sai yau da safe ka tuna da mu? Wallahi sai Hafsat ta dafa mana kaza!"

Zakiyyu bai yi dariya ba. Ya gaida surukinsa, ya ce wa Mika, "Ina kwana, Baba," ya sunkuya kan kunyar farko. Waya ta fara ƙara a aljihunsa. Ya tsaya cak, hannunsa a kan garma. Mika ya san masu shayin ne ke kira.

"Kai, kunyarka ta karkace," in ji Godswill. "Gyara, kada ka kunyata mu gaban suruki."

Zakiyyu ya gyara tsayuwa, ya kafta garmar a ƙasa. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.