Yadda Inna ta aurar da furen marakuja

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, na je ƙauyenmu can wajen Maradi na ɗauko mahaifiyata na kawo ta Arlit. Gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, mu kuma ƴaƴanta duk mun watse neman abinci, ba wanda ya rage da zai ɗebo mata ko ruwan alwala. Da ƙyar ta yarda ta biyo ni. Ni kuwa na sha alwashin ba za ta ƙara ɗaga ko tsinke ba. In ta ɗauki tsintsiya mai ɗakina ta karɓe, in ta nufi murhu in ce, "Inna, ki huta." A raina gani nake duk unguwar ba ɗan albarka kamata.

Ba ta cika wata biyu ba ta kira ni ta ce, "Bayan salla za ni koma ƙauye. Garin ga naku ba shi da ko gona, dutsi da rairai kawai. Mutum ya tashi ya ci ya kwanta, kamar ragon layya." Hankalina ya tashi ƙwarai, don na san abin da ke jiran ta can: ita kaɗai a tsakar gida, ga rijiya da nisa.

To a lokacin ina da wata shuka da nake ji da ita. Wani abokina direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana zuwa Kwatano, ya taɓa kawo mini wasu ƴaƴan itace rawaya, cikinsu ruwa mai tsami da ƙamshi, cike da ƙananan ƴaƴa baƙaƙe. Ya ce marakuja ake ce musu. Da muka shanye na wanke irin, na shanya a inuwa, na shuka a gwangwanayen madara da rairayi da takin awaki. Mako uku ina leƙa gwangwani safe da yamma, har mai ɗakina ta fara tambayata ko zinariya na binne. A ƙarshe biyu suka tsiro, ɗaya kakkaura, ɗaya siriri abin tausayi. Na dasa kakkauran a gindin rumfa, siririn kuwa na miƙa wa maƙwabcina, ina yi masa kallon wanda na yi wa babbar kyauta.

Nawa ya kama, ya hau rumfa. Da ya yi ƙarfi sai na riƙa yankar rassansa masu gaɓa uku, in cire ganyen ƙasa, in soke su a gwangwani, in rufa musu leda a inuwa. Huɗu suka yi saiwa, na dasa su. Ruwan alwala da ruwan wankin shinkafa duk nasu ne, in zafi ya tsananta in shimfiɗa musu tsofaffin buhuna a sama. Sai fure. Ban taɓa ganin fure mai kyansa ba, fari da shunayya, da wani gashi-gashi zagaye da shi. Bayan azahar yake buɗewa, washegari ya yanƙwane ya faɗo ƙasa. Ko ɗa ɗaya bai taɓa ba ni ba.

Duk da haka shi na nuna wa Inna. Na ce, "Wa ya ce ƙasar nan ba ta noma? Ki dakata ki sha abin da ɗanki ya shuka, sannan mu yi maganar tafiya."

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Shekararshi nawa?"

"Ɗaya da rabi."

"Mi ya haihwa?"

Na nuna mata furen. Ta ce, "Kabewa mai wata ukku ta hi shi mutunci."

Daga ranar na sa wa raina cewa in ya haihu kafin salla za ta zauna. Ba ita ta faɗa ba, ni na yanke wa kaina. Na ƙara taki, na ƙara ruwa, na dawo na rage ruwa. Wani abokin aikina ya ce in buga masa ƙusa yadda ake yi wa mangwaron da ya ƙi haihuwa. Har na ɗauko guduma, sai na ga gindin da kaɗan ya fi ƙusar kauri, na mayar da ita.

Akwai wani dattijo mai garka, wato lambu, a bakin gari, mutumin duwatsun Abzin, wanda muke sayen tumatir da salati a wurinsa. Ran nan na lallaɓa shi ya biyo ni gida. Ya gaida Inna da ke zaune a tabarma, ya kama fure ɗaya ya shafa, ya nuna mini wani gari rawaya a yatsansa.

Ya ce, "Kai, malam, ba ka yi mishi aure ba. Mu can dutsi, dabino in ba ka hau ka kai mishi garin namiji ba, ba ya ba ka komi. Garin da wannan abu ya hito akwai ƙwaro mai yi mishi aikin. Nan babu, sai hannunka."

Na ce, "To Baba, ai da sauƙi. Ga biyar nan, in ɗauki na wannan in shafa wa wancan."

Ya ce, "Daga ina ka samu biyar?" Na gaya masa yankan reshe na yi, ina jiran ya yaba mini. Ya yi dariya har rawaninsa ya motsa. "Ɗan dabino da ka cire gindin uwa, uwa ne. Biyar ɗinka duka mutum guda ne. Gwada, amma ni ina gani sai ka nemo baƙo wanda ya hito daga wani iri."

Sai a lokacin na tuna da siririn nan. Muka leƙa gidan maƙwabcina, ashe ya haye katangar garken awaki ya yi kore shar da ruwan wanke-wanke, yana ta fure ba wanda ya kula shi. Murnata ba ta daɗe ba, don lokacin da furen ke buɗewa ina wurin aiki, ba na dawowa sai bayan la'asar.

Ina tsaye ina sosa kai, sai na ji Inna ta ce, "A samo mini gashin kaza."

Na buɗe baki zan ce ta huta. Ta yi mini wani kallo da rabona da shi tun ina ɗan shekara goma, na haɗiye maganata.

Daga nan kullum in ta idar da azahar sai ta ɗauki sandarta da gashin kazarta ta shiga gidan maƙwabci, ta shafo garin fure, ta dawo ta bi nawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta koma ta rama wa nasu. Duk furen da ta shafa sai ta ɗaura masa zare, kada ta maimaita. Matar maƙwabcin ƴar Tawa ce mai son hira, aikin minti goma ya koma awa biyu. Bayan ƴan kwanaki na dawo na tarar da Inna a gindin rumfa tana murmushi. Ta ɗaga ganye ta nuna mini wani ɗan abu kore, bai kai goro ba. Kafin mako ya zagayo sun fi ashirin, ni kuma an kore ni daga ban ruwa, wai ina jiƙa gindin da yawa.

Salla ta zo ta wuce. Ban tayar da maganar tafiya ba, amma kullum ina zuba ido in ga ko za ta fara haɗa kaya. Rannan kawuna, ƙanenta, ya kira a waya yana tambayar ranar da zai tarye ta a tasha. Na miƙa mata wayar, na tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Yanzu? Hure na buɗewa kullum, wa za ni bar ma? Wanga yaron? Shekara da rabi yana ba shi ruwa bai san a yi mishi aure ba. Ku dai ku duba mini ɗakina kada gara ta ci."

Na shige ɗaki da sauri, don ban so ta ga ƙato kamata yana share hawaye.

Ranar da marakuja na farko ya nuna ya faɗo, na yanka na miƙa mata da cokali. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta ce, "Wannan ne abin? Tsamiya ta hi shi." Har yau ba ta shan sa.

In na tuna abin nan dariya nake yi, amma da ƴar kunya a ciki. Na ɗauka ganye ne babu a Arlit shi ya sa take son tafiya, ashe ni ne na kusa korar ta da kirkina. Matar da ta shekara hamsin tana noma na zaunar a tabarma na hana ta komai, ina jiran ta gode mini. Ba na jin akwai abin da ke tsufar da iyayenmu kamar su wayi gari ba mai bukatar hannunsu.

Bara ta je ƙauye ganin dangi, ta ce wata guda za ta yi. Ran kwana na tara ta kira ni ta ce, "Ka kama mini biye, tikitin motar kar ta jibi. Na gaji, ina so in dawo gida."